Sharhi: Jan ƙarfen da ke jikinmu da furotin ɗin kwalba

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Jan ƙarfen da ake wayar lantarki da shi, akwai shi a jikin kowannenmu. Kimanin miligiram 100 ne kawai a jikin baligi, amma in babu shi ƙwayoyin halitta ba za su iya sarrafa iskar da muke shaƙa ba. In kuma ya yi yawa, guba ne.

Saboda haka jiki ba ya barinsa ya yi yawo sakaka. Akwai furotin mai suna CTR1 da ke tsaye a ƙofar ƙwayar halitta yana shigar da shi. Da shigarsa, wani mai suna ATOX1 zai karɓe shi hannu da hannu ya miƙa wa ɗaya daga cikin wasu furotin biyu, ATP7A ko ATP7B, su kuma su kai shi inda ake bukata ko su fitar da rarar. Idan ATP7B ya samu matsala, jan ƙarfe kan taru a hanta da ƙwaƙwalwa: cutar Wilson ke nan, wadda likita Kinnier Wilson ya bayyana a 1912. Idan ATP7A ne ya lalace, sai a samu cutar Menkes, wadda galibi jarirai maza take kamawa, gashinsu ya murɗe ya yi ta karyewa. A 1993 aka gano ƙwayoyin gadon cututtukan biyu.

To, ta yaya masana suka san wa ke miƙa wa wa? Ba za a tsaga hantar mai rai a leƙa ba. Dabarar ita ce a ɗauko ƙwayar gadon furotin ɗin ɗan Adam a dasa ta cikin bakteriya, yawanci E. coli, ko cikin yis, a ciyar da su, su yi ta ƙera shi, sannan a tace a zuba a kwalba. Stanley Cohen da Herbert Boyer ne suka buɗe wannan hanya a Amurka a 1973. Da ita aka samar da insulin irin na ɗan Adam da aka amince da shi a 1982, bayan shekara da shekaru masu ciwon sukari suna dogaro da na shanu da aladu.

Abin da ya ƙara wa batun armashi shi ne, jan ƙarfe ashe yana da baki a cikin saƙonnin da ƙwayar halitta ke aikawa. A 2014 masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka nuna cewa furotin mai suna MEK1, ɗaya daga cikin masu isar da umarnin "ki hayayyafa", yana bukatar jan ƙarfe kafin ya yi aikinsa sosai, kuma wasu nau'o'in ciwon daji sun dogara da wannan hanya. Akwai kuma furotin mai suna COMMD1, wanda abin mamaki a jikin wasu karnuka 'yan asalin Ingila masu fama da ciwon hanta na taruwar jan ƙarfe aka gano shi a 2002. Daga baya aka ga yana taɓa saƙonnin kumburi ma.

Sai dai a nan nake da ƙorafi, kuma ina ganin ba a faɗa wa jama'a shi yadda ya kamata a duk lokacin da aka yi shelar sabon bincike. Furotin ɗin kwalba kwafi ne. Bakteriya ba ta iya liƙa masa rassan sukarin da jikinmu ke liƙa wa furotin da yawa, shi ya sa wani lokaci dole a koma ga ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa, waɗanda renonsu ya fi tsada da wahala. Wani zubin kuma furotin ɗin ya fito a dunƙule, bai naɗu daidai ba.

Mai binciken jan ƙarfe yana da nasa tarkon na daban. Don a samu sauƙin tacewa, akan maƙala wa furotin ɗin wata 'yar jela ta sinadarin histidin guda shida, wadda ke manne wa ƙarfen nikel. Matsalar ita ce jelar nan tana kama jan ƙarfe ita ma, kamu kuwa mai ƙarfi. Mai gaggawa zai auna ya ga an kama jan ƙarfe, ya fito ya ce furotin ɗinsa ne ya kama, alhali jelar da shi da kansa ya ɗaura ce. Masu taka-tsantsan sukan yanke ta tukuna, su sake aunawa, sannan su koma cikin ƙwaya mai rai su duba ko abin da kwalba ta faɗa haka yake.