Sharhi: Ibn Fadlan da dinare 4,000 da ba su isa Bulgar ba

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau a kan Ahmad ibn Fadlan ne, sakataren tawagar da Halifa Muƙtadir ya tura daga Bagadaza ranar 21 ga Yuni, 921, zuwa ga Almish, sarkin Bulgar da ke bakin kogin Bolga, a Rasha ta yau. Sarkin ne ya roƙi malamai da masallaci, da kuɗin gina ganuwa saboda Khazarawa masu karɓar haraji a hannunsa.

Tun daga gida aka yi kwaɓar. Maimakon a danƙa wa tawaga kuɗin, sai aka ba ta takardar karɓar dinare 4,000 daga wani gandu na tsigaggen waziri Ibn al-Furat a Khwarazm, wani yanki na tsakiyar Asiya. Wakilin gandun kuwa ya ƙulla makirci aka tsare wanda zai karɓo kuɗin tun yana kan hanya, a garin Marw. Kwana 28 suka yi a Bukhara suna jiran gawon shanu. Ibn Fadlan ya gargaɗi abokan tafiyarsa cewa sarki zai tambayi kuɗin nan, ba su ji ba.

Hunturu ya riƙe su wata uku a Jurjaniya, wani birni a Khwarazm, inda kogin Jaihun ya daskare har dabbobi na takawa a kansa. A nan suka sayi raƙuman Turkawa, suka ɗinka kwale-kwale na fatar raƙumi don ƙetare koguna, suka yi guzurin gurasa da gero da busasshen nama na wata uku. Malaman da aka ɗauko domin koyarwa, su da kansu suka ja da baya.

Ranar 12 ga Mayu, 922 suka isa wurin sarkin Bulgar. An karanta wasiƙar Halifa, an miƙa kyaututtuka, sarki ya ga adadin a rubuce, ya ce ina kuɗin? Babu. Daga nan maganar Ibn Fadlan ta rasa nauyi, har gyaran da ya yi wa ladan kan iƙama sarki ya soke, yana cewa wanda bai riƙe amanar dukiya ba ba zai karɓi addini daga bakinsa ba.

Abin da ya tsira shi ne rahotonsa, har da bayanin yadda wasu fatake da ake kira Rus suka ƙona gawar wani shugabansu cikin jirgin ruwa. An gano kwafinsa mafi cika a Mashhad ta Iran a 1923, sai dai babu labarin komawarsa Bagadaza a ciki.