Bayit Nawa Ya Ci? Lacca Kan Masu Warware Bayanai

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abubuwa uku zan taɓo yau, in lokaci ya bari.

Na farko, dalilin da ya sa muka damu. Idan kwamfutoci biyu suna magana ta TCP, wato ƙa'idar da suke bi wajen aika wa juna bayanai a intanet, bayanai ba sa zuwa saƙo-saƙo. Kwarara suke yi kamar ruwan famfo, babu alamar inda wannan saƙo ya ƙare wancan ya fara. To ka miƙa wa mai warware bayanai, wato ɓangaren manhaja da ke karanta bayanai ya fito da ma'anarsu, abin da ya iso, ya fitar maka da saƙon farko. Na biyun fa, daga ina zai fara? Sai ya faɗa maka bayit nawa ya ci, bayit kuwa shi ne ma'aunin bayanai mai bit takwas, kowane bit 0 ne ko 1. In bai faɗa ba, ka tsaya ke nan.

Ku duba Protocol Buffers, tsarin shirya bayanai don aikawa na Google, wanda suka saki ga jama'a a 2008. Ni dai wannan wurin yana burge ni, ku yi haƙuri in ɗan daɗe a kai. Lambobinsa ba su da tsayi guda. A kowane bayit, bit bakwai ne ke ɗauke da lambar, na takwas aikinsa kawai ya ce "akwai saura" ko "an gama". Daga 0 zuwa 127, bayit ɗaya ya wadatar. Amma 300 fa? Ku rubuta. Bayit na farko 172, na biyu 2. Cire 128 daga 172, wato alamar akwai saura, ya rage 44. Sai 2 sau 128, 256. Haɗa da 44. Nawa? 300! Kun gani? Kafin a karanta, babu wanda ya san lambar nan za ta ci ɗaya ne ko biyu ko har goma. Har goma, na ce! Lambar da ke ƙasa da sifili a nau'in lamba mai suna int32 bayit goma take ci cur. Shi ya sa a yaren rubuta manhaja na Go, binary.Uvarint, mai karanta irin waɗannan lambobi, abu biyu yake dawo da su: lambar, da yawan bayit ɗin da ya karanta. Haka ya kamata a gina abu. Haka ya kamata.

Na biyu... ko mun shiga na uku ne? Bari dai mu tafi. Wasu laburare, wato tarin shiryayyun kayan aikin manhaja, suna janyo bayanai da yawa su ajiye a gefe kafin su fara aiki, don haka abin da aka janyo daban, abin da aka warware daban. A json.Decoder na Go, mai warware tsarin rubuta bayanai na JSON, akwai InputOffset da ke faɗin bayit nawa aka warware, serde_json na yaren Rust kuma yana da byte_offset. Ku duba su a gida.

Tambaya daga zaure: Malam, a yaren Python, raw_decode mai warware JSON yana ba ni inda ya tsaya. Ba shi ke nan ba?

Yawwa, Malama, Allah ya yi miki albarka, kin taɓo abin da ya shafe mu kai tsaye. Abin da raw_decode yake ba ki lissafin haruffa ne, ba na bayit ba. A rubutun Turanci zalla duk ɗaya ne, shi ya sa mutane da yawa ba sa lura. Amma a UTF-8, tsarin mayar da haruffa bayit, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne. Rubuta "ƙasa": haruffa huɗu, bayit biyar. Idan mai aikowa ya turo haruffan nan kai tsaye, kika ɗauki lambar da Python ya ba ki kika yanke bayit da ita, kin yanke kafin ƙarshen saƙon, ragowar saƙon farko ya manne a goshin na biyu, na biyun ya ƙi warwaruwa. Kuma gwajinki duk zai wuce lafiya muddin da Turanci kika yi shi.

Saboda haka ki yanke a kan rubutun da aka riga aka mayar haruffa, ko ki mayar da yankin da aka ci zuwa UTF-8 ki ƙirga tsayinsa. Kuma don Allah, duk wanda zai gwada manhajarsa a cikinku ya sa mata sunaye irin su Ɗanladi da Ƙanƙara. An kira salla ko? To, mu dakata nan, sauran tambayoyi sai mun dawo.