Idan za a gina mana gidan gasar gem a Legas, a fara da wuta

Jama'a assalamu alaikum, yau raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da fuskata. Daga gasar gem nake, wato wasannin bidiyo na kwamfuta da waya, a wani zauren biki can Tsibirin Legas, kuma kun ga inda dare ya yi mini, ko Oshodi ban kai ba balle Agege. Naira dubu biyar na biya na shiga, ban da kuɗin mota, ruwan roba ma dubu ɗaya suke sayarwa a ciki. Ana wasan ƙarshe na ƙwallo, wani yaro ɗan Idi-Araba, namu ne, yana gaba da ci ɗaya, kawai sai ɗif! An ɗauke wuta. Kafin janareta ya tashi na'urorin duk sun mutu, aka ce a sake daga farko. Yaron nan hannunsa har rawa yake, aka zura masa uku.

Abin da ya ƙara tunzura ni, kafin a fara wasa wani mai kwat ya hau dandamali yana nuna mana zanen katafaren filin gem da yake mafarkin ginawa. Gilashi ta ko'ina, fitilu shuɗi da ja, rufi kamar jirgin sama. Na zuba ido in ga inda za a ajiye batura da sola, babu. Malam, kwamfuta ba ta jiran janareta ko na daƙiƙa ɗaya. Ginin da ba a fara zana masa ɗakin inbata ba, wanda zai riƙe wuta ba tare da ko ƙiftawa ba, wannan zauren ɗaurin aure ne aka yi wa ado.

Ni fa ina bin waɗannan abubuwa tun ina zaman gidan gem a Fagge, ana biyan kuɗi kowane wasa, wanda aka ci ya miƙa fad, abin dannawar nan na hannu, ya tashi. Don haka na san abin da ake yi a waje. A Koriya ta Kudu, birnin Seoul, akwai wani gidan gasar gem, LoL Park, da aka buɗe a 2018. Kujerunsa ba su kai 500 ba. A zagaye yake, 'yan wasa a tsakiya, manyan alluna a sama, duk inda ka zauna kana gani. A shekarar dai Amurka ta buɗe nata a Arlington ta jihar Texas, kuma tsohon zauren taro suka gyara, ba su tsaya haƙa sabon tushe ba. China kuwa ta gina na musamman a Hangzhou, mai cin mutum wajen 4,500, don wasannin Asiya da aka yi a 2023, inda aka raba lambobin yabo a kan gem kamar yadda ake ba mai tsere.

Kun ga a gidan dambe, ɗan damben kake kallo, shi ya sa kowa ke turereniyar zuwa gaba. A nan kuwa ɗan wasa yana zaune ne kawai ya ƙura wa allonsa ido, babu abin kallo a jikinsa sai yatsu. Wasan yana kan babban allo. To yau allo ɗaya suka kafa, ƙasa-ƙasa, ga wani ginshiƙi a tsakiyar zauren. Rabin wasan ƙeyar wani dogon Bayarabe na kalla, shi ma yana leƙe ta kafaɗar na gabansa. Kujerun gaba da aka sayar da tsada su suka fi wahala, wuya a sanƙare.

Sai maganar ihu. A wasannin harbi, idan 'yan kallo na ganin inda abokin gaba ya laɓe, ihunsu kaɗai ya isa ya tona asiri. Shi ya sa a babbar gasar wani gem na kwamfuta mai suna Dota 2 aka daɗe ana sa 'yan wasa a ɗakunan gilashi da sauti ba ya shiga. Mu nan Legas da ba mu iya kallo shiru ba? Da rana ana wasan Call of Duty na waya, wani yana ta kwarara ihu, "Yana bayanka! Yana bayanka!" Alƙalin wasa ya juyo, shi ma dariya yake.

Wayar nan ma ita ce abin da masu zanen suke mantawa. Yaranmu na Agege da Mile 12, mutum nawa ne ke da kwamfutar gem? Free Fire ne, PUBG ne, a waya, da kuɗin datar da aka tara daga aikin kasuwa. Idan mutum ɗari suka taru a ɗaki ɗaya kowa na jan sabis, sai wasa ya riƙa sarƙewa, ka harba harsashi sai ka mutu sannan ya fita. A manyan gasa da kebul ake haɗa na'urori kai tsaye a cikin ginin. Kuma ba mu da uzuri sosai, igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku a nan Legas suke sauka, MainOne tun 2010, Equiano ta Google a 2022. A bakin ƙofarmu suke. Ga zafi kuma, waya na ɗaukar zafi sai ta rage gudu, yau na ga yaro ya ɗora tasa a kan ledar ƙanƙara tsakanin zagaye.

Wani zai ce wasan yara ne. A 2019 wani ɗan shekara 16 ya ci dala miliyan 3 a gasar Fortnite a New York. Saudiyya ta zuba fiye da dala miliyan 60 kyauta a gasar duniya ta Riyadh a 2024. Mahaifiyata har gobe idan na kira sai ta ce, "Kana nan kana danne-dannen naka?" In ce Hajiya ai sana'a ce yanzu, ta ce Allah ya shirya. Kai, na yi kewar tuwonta, nan sai amala.

Kuma don Allah wanda zai gina, ya sa wurin alwala da ɗan masallaci. La'asar da magariba a bayan wajen ajiye motoci muka yi su a kan kwali, mu kusan sahu biyu. A kuma gina shi a wannan ɓangaren, Ikeja ko Yaba ko Surulere, inda 'yan wasan suke, kusa da kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Computer Village ma ya fi, in caja ta lalace ka tsallaka ka sayo.

In za ku zo irin wannan gasa, ku taho da fawa bank ɗinku a cike, soket huɗu na gani a duk zauren. Kada ku sayi kujerar gaba. Kuma ku fito kafin a raba kofi, in ba haka ba gadar Third Mainland za ta riƙe ku kamar yadda ta riƙe ni. Ga kwandasta can yana kiran Agege, bari in sa wayar a aljihu kafin wani ya taya ni riƙewa.