Shirun da ke gabatar sara a finafinan samurai

Masu kallo, da yawa daga cikinmu mun taso muna kiran duk wani fim na faɗan takobi da ya fito daga gabashin Asiya da sunan fim ɗin Chanis, alhali finafinan samurai, wato mayaƙan zamanin da masu yi wa sarakuna hidima, na ƙasar Japan ne, kuma salonsu daban yake. Japanawa suna kiran finafinansu na tarihi jidaigeki, galibinsu kuwa suna ba da labarin zamanin Edo ne, wato daga 1603 zuwa 1868, lokacin da samurai suke rataye takubba biyu a ƙugu a matsayin alamar darajarsu. Waɗanda faɗan takobi ya fi yawa a cikinsu ana ce musu chanbara, sunan da aka kwaikwayo daga ƙarar haɗuwar ƙarfe da ƙarfe.

A farkon lamari faɗan ya fi kama da rawa, domin daga wasan dandamali na kabuki aka gado shi. Jarumi yakan ratsa abokan gaba ashirin yana juyi, kowa ya faɗi, amma ba jini, rigarsa ma ba ta yamutse ba. Bayan Japan ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, hukumomin mamaya na Amurka sun taƙaita finafinan da ke ɗaukaka ramuwar gayya da biyayya ga ubangida har mutuwa, kuma sai da mamayar ta ƙare a 1952 masana'antar ta sake sakin jiki.

Daga nan ne darakta Akira Kurosawa ya sauya akalar abin. A fim ɗinsa na 1954 kan samurai bakwai da manoma suka ɗauka domin su kare ƙauyensu daga 'yan fashi, ladansu abinci kawai, ya nuna yaƙin ƙarshe cikin ruwan sama da taɓo, dawakai suna zamewa, mutane suna mutuwa ba tare da wani ado ba. Sai dai a ganina inda gwanintarsa ta fi bayyana shi ne ƙarshen fim ɗinsa Sanjuro na 1962. 'Yan wasa Toshiro Mifune da Tatsuya Nakadai suna tsaye dab da juna, har numfashin ɗaya yana iya taɓa ɗaya, hannuwansu a sake, babu kiɗa, babu magana, tsawon lokacin da mai kallo zai fara jin ƙirjinsa ya yi nauyi. Sai sara ɗaya tak, cikin ƙiftawar ido, jini ya yi tsartuwa daga ƙirjin Nakadai. Duk ƙarfin wannan fage yana cikin jiran da aka yi kafin a zare takobin, kuma a nan ne salon Japan ya rabu da doguwar musayar naushi da aka saba gani a finafinan Hong Kong.

A shekarar 1962 ɗin ce kuma aka fara jerin finafinan Zatoichi, makaho mai sana'ar tausa da ke ɓoye takobi a cikin sandarsa, wanda Shintaro Katsu ya fito a matsayinsa a finafinai 26.

Akwai wasu mutane da ba a cika ambatonsu ba, alhali in babu su saran jarumi ba zai yi armashi ba, wato 'yan wasan da aikinsu shi ne a sare su su faɗi, waɗanda ake kira kirare-yaku. Fitaccensu shi ne Seizo Fukumoto na kamfanin Toei da ke Kyoto, wanda ake yi wa kirari da mutumin da aka kashe sau dubu 50. Idan takobi ya same shi yakan ƙame, ya gantsare baya har kyamara ta ɗauki fuskarsa, sannan ya zube da dukkan nauyinsa. Sai a 2014, yana da shekara 71, aka ba shi jagorancin fim a karon farko, inda ya fito a matsayin tsohon ɗan wasa mai irin wannan sana'a tasa. Ya rasu a ranar 1 ga Janairun 2021.