Sarauniyar Lugu: Ta Littafi da Ta Bakin Kakanni

Malam: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau ƙasar Arewa muka nufa, wani ƙauye da ake kira Lugu, can wajen Dogondutsi a Nijar. Hajiya, ke 'yar yankin ce. In aka ce Sarauniya Mangu, wa kike gani?

Hajiya: Wallahi Malam, mace nake gani da kwari da baka, tana gaban mayaƙa. Kuma na san inda na samo hoton nan. Littafin Abdullahi Mamani ne na 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986.

Malam: To amma ai an yi yaƙin.

Hajiya: An yi, a watan Afrilun 1899. Rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan ta auka wa Lugu, ita ce kuma daga baya ta ƙone Birnin Ƙonni. Mutanen Lugu sun tsaya sun yi faɗa. Sai dai kakata, Allah Ya jiƙanta, ba haka take kawo zancen ba. Muna zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, in ta ambaci Sarauniya sai ta sassauta murya. A wurinta Sarauniya sarauta ce ta Azna, masu addinin gargajiya, wata ta rasu a naɗa wata. Mace ce da ke zaune cikin bukkarta, ana zuwa gare ta neman ruwan sama da magani.

Malam: Ke nan littafin ya ɗauki guda ɗaya ya ɗora mata kwari.

Hajiya: Ya ɗora. Ban ga laifinsa ba. Mamani ɗan jam'iyyar Sawaba ne, ya sha gudun hijira, yana son 'yan Nijar su sami wadda ta ce wa Nasara a'a. Ba don shi ba, da wuya ɗan lakwal a Yamai ya san sunan Lugu.

Malam: To me ke damunki?

Hajiya: Bara na je gida, na tambayi ɗan ƙanena labarin. Tas ya ba ni na fim, har da yadda ta yi jawabi ga mayaƙa. Na ce, "Wa ya gaya maka?" Ya ce, "Gwaggo, ai kowa ya sani." Da Faransanci aka rubuta littafin nan fa, tsofaffinmu ba su taɓa karanta shi ba, amma yau shi jikokinsu ke maimaita musu.

Malam: Tsofaffin kuma ba su gyara musu?

Hajiya: Wasu kan yi shiru kawai. Ni dai in na koma, wayata zan ajiye gaban gwaggona in ce ta faɗa yadda ta ji.