Fodkas daga Aboabo: wai fatalwa me take dawowa nema?

Rabi: Salamu alaikum jama'ar zango, na nan Kumasi da na Nima da duk inda kuke jinmu, barkanku da dare. Rabi ce, ga Mubarak, ga kuma Kawu Iliyasu mun jawo shi yau dole tunda maganar ta fi ƙarfin yara. Fatalwa zamu taɓa.

Kawu Iliyasu: A'uzu billahi. Ku yaran nan baku da aiki wallahi.

Mubarak: Kawu bari in fara da wanda kowa ya sani, mace ta rasu a nan Kumasi, anyi wanka anyi sallah an kaita maƙabartar Tafo, bayan shekara biyu sai wani direban motar haya ta tirotiro ya ganta a kasuwar Techiman tana saida wake da shinkafa harda miji da goyo, yana kiran sunanta sai ta shige bayan rumfa, shikenan ba'a ƙara ganinta ba.

Rabi: Ni a Salaga aka ce min.

Mubarak: To kin gani, wani yace Bawku. Kuma kullum ƙanin abokin wani ne ya gani, baka taɓa samun direban kansa ka zauna dashi ba.

Rabi: Abinda yasa na kawo maganar, mu muna ɗauka mu kaɗai ke da irin wannan, su turawa sai kimiyya. Ina! Akwai wani malamin coci a Ingila, William na Newburgh, ya rasu wajen 1198, marubucin tarihi ne na gaske mai rubuta labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma a ciki ya saka labaran matattu masu tashi. Kuma nasu ba inuwa bace ko farin ƙyalle Kawu, gawa ce da jikinta take fitowa daga kabari. Wani a Buckinghamshire aka binne shi, da daddare ya dawo gadon matarsa ya danne ta, ya dami ƴan uwansa ya dami dabbobi, har aka kai ƙara gun bishop na Lincoln.

Kawu Iliyasu: Shi kuma yace me?

Rabi: Mutane sunce a tono a ƙona, shi yace a'a, ya rubuta takardar yafiya aka buɗe kabarin aka ɗora masa a ƙirji. Wai daga nan ya kwanta.

Mubarak: Laya kenan, hahaha.

Rabi: A Berwick kuwa basu tsaya wata takarda ba, samari suka tono mutumin suka sassara suka cinna wuta, don suna tsoron warinsa zai jawo annoba. Kuma ba a takarda kawai abin ya tsaya ba, akwai wani tsohon ƙauye a Yorkshire, Wharram Percy, a 2017 masu bincike suka fitar da bayani kan ƙasusuwan mutane aƙalla 10 da aka tono a can, da alamar sara da ƙuna bayan mutuwa, abinda suka fi zato shine an yi haka ne don kar su tashi.

Kawu Iliyasu: Subhanallahi. Gawa ai tana da alfarma.

Rabi: To amma ji yadda abin ya juya. Wajen 1400 wani a gidan ibadar Byland, nan Yorkshire ɗin dai, ya rubuta gajerun labarai 12, a nan fatalwar ta zama mai roƙo, taimako take nema. Ɗaya cokulan azurfa ya ɓoye yana raye, shine ya hana shi sakat, ya tare wani mutum yace dan Allah je ka wuri kaza ka ɗauko ka mayar a nema min yafiya. Saboda lokacin coci ta tsayar da aƙidar cewa akwai wani matsakaicin wuri da ake wanke rai da azaba kafin aljanna, an tabbatar da ita a taron Lyon na 1274, kuma addu'ar masu rai da sadakarsu na rage wa mamaci zaman wurin. To kaga dole fatalwa ta dawo neman addu'a.

Kawu Iliyasu: Tsaya nan Rabi, wannan na cokali ya shige ni. Haƙƙin mutane kenan. Me ake cewa a ƙofar gida kafin a sallaci gawa a zangon nan? Duk wanda yake bin mamaci bashi ya zo ya ga wane, wanda mamaci ke bi shima ya kawo. Hadisi ne, ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Ni duk labarin fatalwar da naji tun ina yaro a Alabar, in ka bi shi a hankali sai ka tarar akwai amana a ƙarƙashi, ko gadon marayu da wani ya danne, ko kuɗin goro da abokin ciniki ya ci bayan mai shi ya rasu a hanya. Ba'a cika ganin fatalwar wanda ba'a ci masa komai ba. Shi mai gani ɗin ya san abinda ya binne a ransa.

Mubarak: Kenan Kawu ka yarda suna dawowa.

Kawu Iliyasu: Kai ɗan nan kar ka sa min magana a baki. Wanda ya tafi ya tafi. Suratul Muminun aya ta 99 da 100, mutum zai ce Ubangiji a maida ni in gyara, a ce a'a, akwai barzahu a tsakani har ranar tashi. Larabawan jahiliyya ma suna cewa wanda aka kashe ba'a rama masa ba, wani tsuntsu kamar mujiya na fitowa daga kansa yana kuka sai an ɗau fansa, Annabi (SAW) ya kore wannan. In ka ga wani abu da kamar mamaci, aljani ne ya ari siffa, ko kuma idonka ne.

Rabi: Kawu kasan wa ya faɗi irin maganarka sak? Wani fasto a Zurich, Ludwig Lavater, a 1569. Bayan Martin Luther ya tada rigima da cocin Katolika a 1517 ƴan Furotesta suka ce babu wani matsakaicin wuri, daga mutuwa sai wuta ko aljanna, to fatalwa daga ina zata fito? Sai Lavater yace yawanci tsoro ne ko maye ko damfara, wanda ya rage kuma shaiɗan ne yake shigar burtu.

Kawu Iliyasu: To a wannan dai fasto ya yi gaskiya.

Rabi: Amma mutane basu daina gani ba fa, wa'azi daban, dare daban.

Mubarak: Ni ɓangaren damfarar nake so. Landan 1762, wani lungu Cock Lane, wai fatalwar wata mata na ƙwanƙwasa bango tana cewa guba aka bata, gari ya ɗauka, manyan mutane na layi su ji, ƙarshe aka kama yarinyar gidan da guntun katako a ɓoye cikin kaya, uban ya sha ɗauri. Sai Amurka 1848, ƴan matan gidan Fox a Hydesville, suma ƙwanƙwasa, daga nan aka samu harka guda ta kiran matattu ana biyan kuɗin shiga, sai 1888 ɗayarsu Margaret ta fito gaban jama'a tace da yatsun ƙafarta take ƙarar. Shekara 40 ana cin kuɗin mutane da ɗan yatsa! Kamara na fitowa kuma fatalwa ta koma hoto, wani William Mumler har ya yiwa matar shugaban Amurka Abraham Lincoln hoto da mijin tsaye a bayanta bayan an kashe shi. Yanzu kuma bidiyon WhatsApp ne, wanda goggona ke turo min ƙarfe biyun dare.

Rabi: Ka bar Goggo ta huta.

Mubarak: Wani kuma ba ƙarya yake ba, da gaske ya ji. Dannau misali, ƙwaƙwalwa ta farka jiki bai farka ba, ka kasa motsi kaga mutum tsaye a bakin ƙofa. Sannan wannan ku riƙe shi da kyau, a 1921 wani likitan ido a Amurka ya bada rahoton iyalin da ke jin takun ƙafa suna ganin mutane a gidansu ga ciwon kai ga kasala, ashe murhun ɗumama gida ne ke zuba musu iskar kabon monoksaid, bata da wari bata da launi. Mu nan in an ɗauke wuta wani sai ya tada janareta a baranda ya rufe taga, ko a shiga ɗaki da gawayi lokacin hunturu. In gida gaba ɗaya kuna tashi da ciwon kai kuna gane-gane, ku buɗe taga ku fita tukuna, a kira malam daga baya.

Kawu Iliyasu: Wannan kam na sa hannu.

Rabi: Maƙwabtanmu Asante fa Kawu, kai ka fi mu zama dasu.

Kawu Iliyasu: Su nasu tsari ne cikakke. Saman suke cewa, kuma ba duka ake gudu ba, kakanni ne, ana zuba musu abin sha a ƙasa ana kiran sunansu. Wanda ake tsoro shine wanda ya yi mummunar mutuwa, hatsari ko kisa, wai bai samu shiga wurin kakanni ba sai ya yi ta gararamba. Shi yasa biki na mutuwa a wurinsu ba wasa bane, gawa ta yi wata da watanni a mocari ana shiri, a haɗa ta da zane da kuɗin guzuri. Mu kuwa ka rasu da asuba kafin la'asar an dawo daga Tafo, likkafani kawai. Amma gida ɗaya muke haya dasu, famfo ɗaya, to labari kuma baya tambayar addini kafin ya tsallaka ɗaki.

Mubarak: To Kawu tsakani da Allah, tunda aljani ne ko ido, zaka bi ta maƙabartar Tafo ƙarfe ɗayan dare kai kaɗai?

Kawu Iliyasu: Me na ajiye a can?

Mubarak: A'a amsa zaka bamu.

Kawu Iliyasu: Aljanin ma ai ba abokin wasana bane.

Rabi: Hahaha, to jama'a ku turo mana naku da murya, amma dan Allah wanda kai ka gani da idonka, banda na ƙanin aboki. Sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.