Jawabin ma'aji: ƙaninmu yana kwance a Lombok

Shugaba, a yi mini afuwa, rahoton kuɗi ya ɗan jira tukuna. Tun daren Talata ban runtsa ba.

Duk kun ji. Ƙaninmu, wanda yake riga kowa zuwa ya jera mana kujerun nan, yana kwance a asibiti a tsibirin Lombok na Indunisiya da karaya biyu a ƙafar dama. Dutsen Rinjani ya hau, a saukowa ƙafa ta zame. 'Yan dako ne suka yi ta karɓa-karɓa da shi har ƙasa. Ba shi da inshora. Na buɗe asusunmu, abin da ke ciki ko rabin kuɗin tiyata bai kai ba. Mahaifiyarsa ta kira ni daga gida, muryarta na rawa, ta ce, "Ɗana, amana na ba ku." Ku gaya mini, me zan ce mata?

Ba na hana kowa tafiya. Mu da muka ƙetaro teku neman ilimi da halal ba tsoro ne ya kawo mu ba, kuma Lombok wuri ne mai kyau, ga masallatai ko'ina. Amma na ga hotunan da kuke turawa a zaure, na san akwai masu shirin zuwa a hutun nan, to ku saurara.

Rinjani mita 3,726 ne. Kwana biyu zuwa uku ake yi, daga ƙauyen Sembalun ko na Senaru. Hawan ƙarshe da misalin ƙarfe 2 na dare ake fara shi, cikin duhu, a kan tsakuwa da baƙin yashi mai zubewa, ka taka biyu ka koma ɗaya, ga rami dama da hagu. Yaron nan da takalmin yawon gari ya je, da riga ɗaya mara nauyi, don a ganinsa ƙasar zafi ce. A bakin teku zufa kake yi, amma can sama sanyi sai ya hana ka riƙe cokali. Takalmin hawa mai ƙasa mai kaushi, rigar sanyi, safar hannu, fitilar goshi, da ɗan jagora mai lasisi: wanda ba zai iya tanadarsu ba ya tsaya bakin ruwa ya sha iska, ba abin kunya ba ne. Daga Janairu zuwa Maris ma yawanci rufe hanyar ake yi saboda damina.

Sannan dutse mai aman wuta, irin su Rinjani, ba ya shawara da tikitinka. A Nuwamban 2017 dutsen Agung ya sa aka rufe filin jirgin Bali, tsibirin da ke maƙwabtaka da Lombok, dubban mutane suka maƙale. A 2015 ƙaramin dutsen Barujari, wanda ke cikin ramin Rinjani kansa, ya yi haka. Tokarsa ba irin ta murhu ba ce, niƙaƙƙen dutse ne mai kaifi kamar gilashi, yana cutar huhu da ido, yana kashe injin jirgi. Ku riƙe takunkumi mai kyau, musamman masu asma, ku bar rarar kwana biyu da rarar kuɗi kafin ranar komawa aiki ko aji. Hukumomin can suna da matakan gargaɗi huɗu, daga mafi sauƙi zuwa mafi haɗari: Normal, Waspada, Siaga, Awas. Ku duba a manhajar MAGMA Indonesia kafin ku biya ko sisi. In sun ce kada a kusanci bakin rami, kada hoto ya ja ku.

Inshora kuma, don Allah a karanta ƙananan rubutun. Da yawa ba sa biya in ka wuce wani tsayi, ko in sai an ɗauko ka daga kan dutse. Ka tambaya a rubuce. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Rahoto a gurguje: an biya kuɗin ɗakin taro, an gyara lasifika, sauran yana cikin takardar da aka raba.

Na dawo kan asusu. Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba tun bayan sallah. Yayyena, ƙannena, iyayenmu mata da ke baya, a nan ba mu da kawu, ba mu da gwaggo, junanmu kawai muke da su. Da kowa ya biya, da tun Laraba na tura kuɗin ba tare da na tsaya gabanku ina roƙo ba. Wallahi abin yana ci mini rai.

Daga yau duk mai tafiya ya bar wa sakatare sunan masaukinsa da lambar inshorarsa. Muna kuma neman mutum ɗaya mai biza a hannu da zai je ya kwana da yaron, don shi kaɗai ne a ɗakin, ba ya jin yaren. Likita ya sa tiyata ranar Alhamis. Littafi yana kan teburin bakin ƙofa, ni ma can zan zauna har kowa ya fita.